Wanda Ya Yi Wa Azzalumi Aiki, Shi Ma Azzalumi Ne?

Baffa: Assalamu alaikum. Ina nan a kan maganar da na yi jiya. Duk wanda ya san maigidansa azzalumi ne, ya ci gaba da karɓar albashinsa, to ya yi tarayya da shi. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Azzalumi hannu biyu gare shi kamar kowa, sauran hannuwan na ma'aikatansa ne. Haka abota take. Ai hadisi ya ce mutum yana kan addinin abokinsa.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Baffa, a yi mini afuwa, ban yarda ba. A asibitinmu an taɓa kawo mana wani da ankwa a hannu, aka ce ɗan fashi ne, jini na ta zuba. Ni na wanke masa raunin, ni na ɗaura masa ruwa. Raina ya ƙi shi, wallahi, amma hannuna bai yi masa mugunta ba. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da alkawarin likita tun 1948, cewa addini ko ƙabila ko siyasa ba za su shiga tsakaninsa da majinyaci ba. Da za mu riƙa tantance halin mutum kafin mu duba shi, da an yi ta mutuwa a bakin ƙofa.

Baffa: 'Yata, ke rai kika ceta, ba fashin kika taya shi ba.

Anti Nas: To ai kenan ba wanda aka yi wa aikin ake dubawa ba, aikin kansa ake dubawa.

Malam: Maganar nan ta girme mu duka. Halifa Mansur ya nemi Imam Abu Hanifa ya karɓi alƙalanci, ya ƙi, aka ɗaure shi, ya rasu a Bagadaza shekara ta 150 bayan Hijira. Amma almajirinsa Abu Yusuf ya karɓa, har ya zama Alƙalin Alƙalai a zamanin Haruna Rashid, ya rubuta wa halifan littafi kan haraji, ya buɗe shi da gargaɗi kan haƙƙin talakawa. Malami ya ƙi, almajiri ya karɓa, kuma duka biyun ana yi musu addu'a har yau. Annabi Yusuf ma, alaihis salam, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ga shi nan a aya ta 55 ta surarsa. Ma'aunin yana Suratul Ma'ida aya ta 2: a taimaki juna kan alheri, kada a taimaki juna kan zunubi.

Yaya Akanta: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, sai dai a aikace layin ba ya fitowa fili haka. Na yi shekaru a wani kamfani. Na san maigidan yana danne haƙƙin leburori, na riƙa ce wa kaina ni lissafi kawai nake yi. Wata rana ya ce in rage awannin aikinsu a takarda, in sa hannu. A ranar na gane ba da dare ɗaya ya zo mini da wannan ba. Ya daɗe yana gwada ni da ƙananan abubuwa ina kau da kai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na ajiye aikin, amma har yau shirun da na yi a baya yana cina.

Auta: Yaya, kai kana da takardu, ka samu wani aikin. Direba ko maigadi mai 'ya'ya shida fa? Ina zai je?

Yaya Akanta: Ban ce ya bari ba. Amma ranar da aka ce ya tuƙa motar zuwa inda za a cuci wani, yunwa ba za ta wanke shi ba. A shari'ar Nurembag ta 1945 zuwa 1946, wadda aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba a karɓi "umarni aka ba ni" a matsayin abin da ke wanke mutum daga laifi ba.

Auta: Waɗancan manya ne masu ba da umarni. Kada mu ɗora wa talaka kayan da ba nasa ba.

Malam: Auta na da gaskiya a nan. Wanda aka tilasta da wanda ya zaɓa ba ɗaya suke ba.

Baffa: To na sassauta a kan aiki. A kan abota kuwa ban janye ba, domin babu mai tilasta maka aboki. Mai zama da maƙeri, in tartsatsi bai ƙona masa riga ba, zai kwashi wari.

Anti Nas: Baffa, ina da ƙawa tun muna yara. Ta shiga shaye-shaye, kowa ya gudu ya bar ta da masu sayar mata. Ni kaɗai na rage. Idan na janye, wa zai ɗaga wayarta da tsakar dare?

Baffa: Kina janyo ta ne, ko ita ke janyo ki?

Anti Nas: Wata huɗu kenan ba ta taɓa komai ba. Jibi zan raka ta ganin likita.