Neman shawara: samfefa ta cika mini bokiti, wadda nake buƙata kuma ta ƙare

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ba kafinta ba ne, sha'awa ce kawai take sa ni taɓa katako idan na samu sarari. Injin goge katako biyu gare ni: mai faifai na milimita 125 mai huji takwas, da mai bel na milimita 75 x 533. Wata shida ke nan da na sayi ƙunshin samfefa mai gauraye, faifai 100, daga lamba 40 mai kaushi har 800 mai laushi, kowace lamba guda goma. Yanzu 80 da 120 sun ƙare ƙaf, su 400 zuwa 800 kuwa ko taɓa su ban yi ba. Ragowar na zuba su bokiti ɗaya a ƙarƙashin teburin aiki, wasu sun kanannaɗe kamar busasshen ganye, sun ƙi kama jikin injin.

Jiya na goge saman wani ɗan teburi, a hannu sumul. Ina shafa masa launi sai ga 'yan ƙananan zane birjik, kamar an barbaɗa nannaɗaɗɗen gashi. Wani bel kuma da ban taɓa ɗorawa ba ya rabu a mahaɗarsa ko minti biyu bai yi ba. Don Allah wace lamba zan riƙa saya, kuma yaya ake ajiyarta?

Tsohon kafinta:
Wa alaikumus salam ɗana. Ƙunshin nan ya riga ya ba ka amsa: waɗanda suka ƙare su ne naka. Ka sayi 80, 120 da 180, kowace kwalinta daban, 120 ta fi yawa. Ka ƙara 'yar 220 ko 240 kaɗan. Lamba 40 da 60 na kankare tsohon fenti ne da katakon da bai ga filen ba, kuma bel ya fi faifai iya wannan aikin. Daga 320 zuwa sama ba ɗanyen katako ake gogewa da su ba. Tsakanin shafi da shafi na folish ake bi da su, da hannu, a hankali. Falle biyu ko uku sai su kai ka shekara.

Zanen da ka gani kuma ina zargin tsalle ka yi. Faɗa mini gaskiya, daga wace lamba ka tafi wace?

Mai tambaya:
Baba, ka kama ni. Da 120 ta ƙare, daga 60 na wuce 240.

Tsohon kafinta:
To ai shi ke nan. Kowace lamba aikinta ta share ƙarzar wadda ta gabace ta. 240 ba ta da haƙorin da za ta kai gindin ramin da 60 ta haƙa, saman kawai take lallashi. Hannunka ya ji santsi, launi kuwa ya gangara ramin ya zauna, ya tona maka asiri. Ka koma 80, ka bi 120, ka gama da 180. Kafin kowace lamba ka ɗauki fensir ka zazzana saman katakon sama-sama. In zanen fensir ya ɓace ko'ina, ka share ƙurar, ka canza faifai. Kada ka danna injin, nauyinsa ya isa. Tafiyar ma kamar ta hawainiya, kimanin santimita biyu da rabi a daƙiƙa. Mai sauri da dannawa shi ke samun wannan nannaɗaɗɗen zanen.

Wata 'yar'uwa mai ƙera akwatuna:
Baba ya gama magana a kan lamba, ni bokitin nan ne ya tsaya mini a rai. Malam, ko ka bi 80, 120, 180 daidai, muddin faifan suna cakuɗe wuri ɗaya za ka sake ganin zane. Ƙwayar tsakuwa ɗaya ta zubo daga lamba 60 ta maƙale a fuskar 180, ita za ta yi ta zagaya maka katako. Na taɓa ɓata murfin akwati da haka, sai da na ɗaga faifan a hasken taga na ga 'yar baƙar ƙwayar zaune a tsakiya.

Abin da nake yi: jakar fayil mai aljihu-aljihu irin ta ajiye takardu, kowane aljihu lambarsa a rubuce. Faifai kuma ina barin su a kwalinsu, a kwance, da ɗan guntun katako a sama don kada su lanƙwashe. In na yanki falle, nan take nake rubuta lambar a bayan kowane yanki, domin sau da yawa yankin da ya rage ba ya ɗauke da lambar kamfani. Wanda na ɗan yi aiki da shi ba ya komawa cikin sababbi, aljihunsa daban.

Lanƙwashewar kuma danshi ne. Bayan samfefa takarda ce ko ƙyalle, tana shan laima tana bushewa, gefen tsakuwar da gam ya riƙe kuwa ba ya motsi tare da ita. Masu ƙera ta suna ba da shawarar laimar iska tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin 100, a wurin da ba zafi ba sanyi sosai. Ka ɗauke ta daga kan siminti, ka nisanta ta da taga da rana. Roba mai murfi da aka ɗora bisa kantar ajiya ta wadatar.

Mai gyaran injuna:
Batun bel: kusan kullum mahaɗar ce ke fara mutuwa. Gam ɗin wurin yana tsufa ko ba a yi aiki da bel ɗin ba, zafi da danshi kuma suna gaggauta shi. Saboda haka kada ka tara, ka sayi abin da za ka cinye cikin shekara guda. Kada ka rataye shi a ƙusa, zai yi kari a wurin. Ka sa guntun bututu mai faɗin santimita 10, ka rataya a kai. Ka leƙa cikinsa ma: in akwai kibiya, ka ɗora shi ta bi juyin injin.

Faifan da ya ƙi kamawa kuma, ba lallai laifin samfefa ba ne. Shafa tafin injin ka ji. Ƙananan ƙugiyoyin nan irin na Velcro suna narkewa idan ana dannawa, musamman da gefe. In sun yi sulɓi, tafin za ka canza. Kuma ka daidaita huji takwas ɗin da na injin, in ba haka ba ƙura ta rasa hanyar fita, ta toshe samfefar tun da sauran ƙarfinta.

Wani ɗan koyo:
Ni dai ban ga laifin ƙunshi mai gauraye ba. Da shi na gane abin da nake buƙata. Tambayata, wadda aka rubuta P a gaban lambarta fa?

Mai gyaran injuna:
P ɗin ma'aunin Turai ne, na FEPA, ƙungiyar masu ƙera samfefa ta can. Marar P galibi ma'aunin Amurka ne. Daga 80 zuwa wajen 220 kusan ɗaya suke, can sama ne suke rabuwa: P400 ta fi kusa da 320 ta Amurka. Ka tsaya a kan ma'auni ɗaya ka huta. Irin tsakuwar kuma, ta aluminiyam oksaid ita ce ta yau da kullum a katako. Baƙar nan ta silikon kabaid ta fi dacewa da folish da ƙarfe da gugar ruwa. Mai farin shafi a fuska an yi ta ne don kada fenti ko ƙaron katako ya liƙe mata.

Tsohon kafinta:
Ɗan koyo, sau ɗaya ba laifi, na yarda. Saya ta biyu ce asara. Na manta ban ce ba: in filawud ne, kada 80 ta kusance shi. Fatar samansa siririya ce, ka fara daga 150 ko 180, in ba haka ba ka huda ta tun ba ka ankara ba. Kuma ku riƙa sa takunkumin hanci, ƙurar katako ba abin wasa ba ce ga huhu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zazzage bokitin, na ware su lamba-lamba, na danne lanƙwasassun da katako. Na shafa tafin injin kamar yadda mai gyaran injuna ya ce, gefensa ya yi sulɓi duka, tsakiyar ce kawai da sauran kamu. Bel ɗin da suka rage guda uku ma duk akwai kibiya a cikinsu, ban taɓa lura ba. Baba, teburin da na riga na shafa wa launi, sai ya bushe zan koma 80, ko in fara yanzu?

Tsohon kafinta:
Bar shi ya bushe sarai, ɗana. Da ɗanyensa, faifai uku za ka toshe kafin ka ga farin katako.