Tsara yadda shafukan manhajar waya ke bin juna

Mun daɗe muna tattaunawa da abokan aiki masu gina manhajar waya kan wannan batu, kuma maɓallin komawa baya ne ya ci mafi yawan lokacinmu.

Waya tana jera shafukan da aka buɗe ne ɗaya kan ɗaya, na ƙarshe a sama. Saboda haka idan mutum ya shigar da kalmar sirrinsa ya wuce ciki, a cire shafin shigan daga jerin gaba ɗaya. In ba haka ba, yana danna baya sai ya sake ganin ana tambayarsa kalmar sirri, abin da ni kaina yake ɓata mini rai. Kayan aikin gina manhaja suna da umarnin yin hakan: a Flutter akwai pushReplacement, a Jetpack Navigation akwai popUpTo, a React Navigation kuma reset. Haka ma shafin biyan kuɗi: kada baya ta mayar da mutum can bayan ya biya.

Wani ya ja kunne kan tura bayanai masu nauyi tsakanin shafuka. Lambar shaidar abin kawai za a tura, shafi na gaba ya ɗauko sauran da kansa, domin Android ta taƙaita irin wannan saƙon ga kusan megabait 1, idan aka zarce manhajar na iya rufewa.

Kan yawan maɓallan da ake jerawa a ƙasan allo don zuwa manyan sassan manhaja ba a yi gardama ba: ƙa'idar Material, wato jagorar Google kan tsara fuskar manhaja, ta ce 3 zuwa 5.

Wanda ya shigo ta sanarwa kai tsaye zuwa wani shafi na ciki, idan ya danna baya a kai shi babban shafi.