Neman shawara: wace sifanar awon ɗauri ta dace da mai gyaran babur a gida?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da babur mai injin 150cc, kuma shekara biyu ke nan ni nake yi masa ƙananan gyare-gyare da hannuna, kamar juyen baƙin mai da canjin fulogi da jan sarƙa. Makon da ya wuce, bayan na juye mai, na mayar da notin ƙarƙashin injin ina ɗaurewa, sai na ji ya yi laushi a hannuna, yana juyawa ba ya kamawa. Da na zaro shi, sai ga tiredin alminiyum ya naɗe a jikinsa kamar siririyar waya. Sai da aka sake huda ramin aka sa masa sabon tiredi na ƙarfe kafin babur ya tashi. Wannan ya sa na yanke shawarar sayen sifana mai awon ƙarfin ɗauri, wadda makanikai ke kira tok-renc. Na ga wata babba mai bakin rabin inci, mai aiki daga Nm 40 zuwa 200 (Nm shi ne niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri), hankalina kuma ya kwanta da ita saboda ina ganin babba za ta iya aikin ƙarama. Shin tunanina daidai ne, ko akwai abin da ya kamata in duba kafin in saya?

Amsar wani dattijon makanike:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka dakata da sayen wannan, domin ba za ta hana abin da ya same ka sake faruwa ba. Notin juyen mai a ƙananan babura yakan tsaya ne tsakanin Nm 20 da 30, ita kuwa wadda ka gani daga 40 ta fara, wato ko ka mayar da ita ƙarshen ƙasa, ta riga ta wuce abin da tiredin nan zai ɗauka. A wannan kayan aiki babba ba ta yin aikin ƙarama. Ƙa'idar ISO 6789, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta waɗannan sifanu, a bugunta na 2003 ta ɗauki awon irin wannan sifana daga kashi 20 cikin ɗari na iyakarta zuwa sama, kuma ga mai yin "ƙas", wato wadda ke yin 'yar ƙara idan ɗauri ya kai lambar da aka saita, kuskuren da aka yarda da shi kashi 4 ne cikin ɗari idan ta haura Nm 10. Saboda haka mai kaiwa 200 ba a dogara da ita ƙasa da 40.

Abin da za ka yi shi ne ka buɗe littafin gyaran babur ɗinka, ka nemi shafin da aka jera ƙarfin ɗaurin kowane noti, ka kwafe na ayyukan da kake yi da kanka kawai. Waɗannan lambobi su ne za su zaɓa maka sifana. A tsawon zamana cikin wannan sana'a, ɓarnar da na fi gani a ƙananan notuna take, irin masu kauri milimita 6 da ke riƙe murfin injin, waɗanda kusan Nm 10 zuwa 12 kawai suke buƙata. Mutum yana riƙe da doguwar sifana ba ya jin ya yi wani ƙarfi, sai dai ya ga kan notin a cikin soket, gindinsa ya rage a cikin injin.

Mai tambaya:

Na gode, Baba. Na duba littafin kamar yadda ka ce. Murfin injin an rubuta 10, fulogi 16, notin juyen mai 24, notin ƙafar gaba 59, na ƙafar baya kuma 88. Amma a gefe guda an sa wasu lambobi da kgf·m, su ne suka ɗan rikita ni.

Amsar wata mai ilimin injiniya:

Malam, wannan ba abin rikicewa ba ne, ma'auni ne daban-daban na abu ɗaya. Kgf·m 1 daidai yake da Nm 9.8, don haka idan ka ga 2.4 a wancan gefe, kusan 24 ɗin nan ne da ka karanta. Akwai kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi a Amurka, wato ft-lb, wanda 1 nasa ya yi Nm 1.36. Ka kula ƙwarai da wannan, domin sifanu da yawa suna ɗauke da ma'auni biyu a jikinsu, wanda kuma ya saita 24 a layin ft-lb alhali littafi Nm yake nufi, ya ɗaure da kusan 33.

Bisa lambobin da ka kawo, daga 10 zuwa 88, da wuya sifana ɗaya ta rufe su duka yadda ya kamata. Abin da ya dace shi ne ƙarama mai bakin rubu'in inci, mai aiki daga kusan 5 zuwa 25, da matsakaiciya mai bakin 3/8 na inci, daga 20 zuwa 100. Idan ɗaya kawai za ka iya saya yanzu, ni a ganina ka fara da ƙaramar, tunda murfin injin da fulogi da notin mai duk cikin alminiyum suke shiga, kuma su ne kake taɓawa a kai a kai. Notunan ƙafa ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba sa saurin cinyewa, amma rayuwarka na kansu, don haka kafin ka mallaki ta biyu ka riƙa aro ko ka kai a auna maka duk lokacin da ka kwance taya.

Amsar wani ɗan ƙungiya:

Ni ina da ra'ayi daban game da nau'in da za a saya, kuma ina roƙon a yi mini uzuri. Kowa yana maganar mai yin "ƙas", alhali akwai mai allura, wadda sandarta ke ɗan lanƙwasa allura tana nuna lamba. Ba ta da sifirin da zai gaji, kuma muddin allurar tana kan sifili kafin ka fara, kana iya amincewa da ita. Matsalarta ita ce dole idonka ya kasance saitin allurar, wanda ba ya yiwuwa idan kana kwance a ƙarƙashin injin kana ɗaure notin mai. Mai batir kuwa tana da daɗin karatu, tana kuma yin ƙara idan an kai, sai dai ga wanda ke ɗauko ta sau ɗaya a wata biyu, sau da yawa zai tarar batirin ya mutu a ranar da yake buƙatarta.

Dattijon makanike:

Maganarka gaskiya ce, amma ga wannan bawan Allah na fi son mai yin "ƙas", saboda dalilin da kai ma ka ambata. Sai dai akwai abin da nake so ya sani tun kafin ya ɗora ta a kan babur. Idan an saita ta ƙasa, kamar a kan 10, ƙarar ba ta fita sosai, wani lokaci ma ba ka jin komai a kunne, sai dai ka ji kan sifanar ya ɗan karye a tafin hannunka. Na taɓa ganin yaro a wurin aikina yana jiran ƙara mai ƙarfi, ya wuce wurin bai sani ba, ya ci gaba da ja har noti ya tsinke. Ka fara gwadawa a kan tsohon noti da ka matse a bais, wato mamatsin ƙarfe na kan tebur, sau goma ko fiye, har hannunka ya gane alamar. Ka riƙe ta a tsakiyar mariƙinta, ka ja a hankali ba da fizga ba, da zarar ta yi kuma ka tsaya, kada ka ce bari ka ƙara sau ɗaya don tabbatarwa.

Kada ka kwance noti da ita, kada kuma ka zura mata bututu don ƙara tsawo. Idan ka gama aiki ka mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta kafin ka ajiye, don sifirin ya huta. Murfi mai notuna da yawa kuwa, ka fara kama su duka da yatsu, sannan ka ɗaure su a gicciye, kashi biyu ko uku, har su kai lambar.

Mai ilimin injiniya:

Ina ƙarawa da abu biyu, Malam. Lambar da ke littafi galibi ta busasshen tiredi mai tsabta ce, sai inda aka rubuta a shafa mai. Idan ka sa giris inda ba a ce ba, notin zai matse fiye da kima tun kafin sifana ta yi alama. Haka nan ka riƙa canja washar notin mai a kowane juye, domin tsohuwar da ta riga ta murƙushe ita ke sa mai ya riƙa ɗiga, mutum kuma ya yi ta ƙara ɗauri.

Na biyu, ka nemi wadda ta zo da takardar gwajin awo, kuma lambobinta sassaƙaƙƙu ne a jikin ƙarfe, ba fenti da mai zai goge ba. Ana so a sake gwada ta bayan shekara ɗaya ko ɗauri 5,000, ko idan ta faɗi ƙasa da ƙarfi. Kana iya yin gwaji na kusa a gida: ka matse bakinta a bais tana miƙe a kwance, ka rataya nauyin kilo 10 a nisan santimita 20 daga tsakiyar bakin, wannan ya ba da kusan Nm 19.6. Idan wurin ratayar ya faɗo a tsakiyar mariƙi, ya kamata ta yi alama a kusa da wannan lamba. Idan mariƙin ya fi haka nisa, ka auna nisan da mita, ka ninka da nauyin, ka ninka da 9.8.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na fasa sayen babbar. Zan fara da mai 5 zuwa 25, in haɗa da soket masu bakin rubu'in inci, tunda nawa duka na 3/8 ne. Tambaya ɗaya ta rage, Baba: fulogina yana can cikin rami, sai da sandar ƙari soket ke isa gare shi. Shin sandar za ta canja awon?

Dattijon makanike:

Miƙaƙƙiyar sandar ƙari ba ta canja awo, matuƙar ka tallafe kan sifanar da ɗaya hannun don kada ta karkace. Abin da ke canja shi shi ne duk wani baki da ya ƙara wa sifanar tsawo ta gaba. Ka bari injin ya huce kafin ka taɓa fulogin, ka kuma fara shigar da shi da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗauko sifana.