"Tun ran gini tun ran zane", ko ta dace da girman rekod a fayil?

Ɗan Agege: Salam 'yan uwa. Malaminmu na kwamfuta yana bayanin manyan injinan IBM irin na bankuna, ya ce a can ba a ƙirƙirar fayil kai tsaye sai ka faɗa wa injin tsawon kowane rekod (wato kowane layi na bayanai a cikin fayil ɗin) tun farko, sai kawai ya ce tun ran gini tun ran zane. Ni dai a sanina kan tarbiyyar yara ake faɗinta, anya ta shiga nan?

Baba na Idi-Araba: Ta shiga mana yaro. Asalinta ai maganar masu ginin tukwane ce, tun yumɓu na ɗanye ake zana tukunya, in ta bushe an gasa ba sauran zane. Tarbiyyar ma aro aka yi.

Injiniya Obalende: Gaskiyar Baba ne. A z/OS, manhajar da ke tafiyar da waɗannan injinan IBM ɗin, abin da ake saitawa sunansa LRECL, wato tsawon rekod, kuma yawanci harafi 80 za ka gani, gadon katin nan mai huji ne da IBM ta fito da shi a 1928 mai gurbi 80. In tsawon rekod ɗin tsayayye ne, ba ya canzawa, layin da bai kai 80 ba a cike shi da fili, wanda ya wuce kuma a datse masa jela, kuma in ka ga ka yi kuskure sabon fayil za ka buɗe ka kwashe komai ka zuba, wahala dai.

Anti mai shago a Ikeja: Ni fa ban yarda ba, ku yi haƙuri Baba. Matsalar ai awo ce, daidai ruwa daidai tsaki ta fi zama daram. Kullum a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, ana kawo mana filash wai ya cika alhali ba wani abin kirki a ciki, ka duba ka ga tsarin ajiyar fayilolinsa exFAT ne, shi kuma in filash ɗin ya haura 32GB Windows gutsure 128KB take ba shi, wato mafi ƙanƙantar wurin da fayil ɗaya zai iya ci, to ɗan fayil mai 2KB sai ya cinye 128 ɗin gaba ɗaya. NTFS kuwa, wani tsarin ajiyar na Windows, gutsurensa 4KB ne. Mai tara bidiyo babban gutsure ya fi masa, mai ƙananan takardu asara yake.

Injiniya Obalende: Anti ai wannan awon ma ranar fomat ake zaɓarsa, in kina son canzawa daga baya sai an sake fomat, kin ga kin dawo wajen Baba kenan 😄

Ɗan Agege: To tsarin ajiyar nan na ZFS fa? Ance ana canza awon nasa ko yaushe.

Injiniya Obalende: Ana canzawa, 128K yake zuwa da shi, amma sababbin fayiloli kaɗai zai shafa, tsofaffin suna nan yadda aka rubuta su sai in ka sake kwafarsu.

Anti mai shago a Ikeja: Naji, amma ni a shago tawa zan ci gaba da faɗa wa kwastoma, ita suka fi ganewa.