Ina so Baba ya ga Sinner da Alcaraz ido da ido a Wimbledon: ta ina zan ɓullo?

Ɗan Fagge
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu zai zo Ingila ƙarshen watan Yuni, in Allah ya kai mu, don bikin kammala karatuna, kuma zuwan ya yi daidai da Wimbledon, wadda za a fara 29 ga Yuni a gama 12 ga Yuli 2026. Tun zamanin Borg da McEnroe yake bin tanis, yanzu kuwa ba shi da zance sai na Sinner da Alcaraz. Fam 400 na ware mana mu biyu, har da kuɗin jirgin ƙasa daga Birmingham. Ya kusa shekara 70, yana fama da gwiwa, ba zai iya kwanan tanti ba, kuma bizar Ingila kaɗai za a nema masa. Wace rana zan nufa, wane tikiti zan nema, don ya ga su biyun suna karawa? Ko in haƙura mu kalla a gida?

Mai Raket
Wa alaikumus salam. Layi kawai, babu wata dabara. Ka sauka a tashar Southfields ta layin District, ka bi jama'a zuwa Wimbledon Park. Da isarka za a miƙa maka kati mai lamba da kwanan wata, shi ne matsayinka, kada ya ɓata. A makon farko kullum ana ware wa 'yan layi tikiti kusan 500 na Centre Court, wato babban fili, haka na Fili na 1, haka na Fili na 2. In ranar farko kake so a Centre, ka kafa tantinka tun Asabar, na mutum biyu, ba a yarda da wanda ya fi haka ba. Wajen ƙarfe 6 na safe ma'aikata za su tashe ku, ku naɗe tanti ku kai wurin ajiyar kaya, wajen 7:30 a fara ɗaura wa na gaba alamar fili a wuyan hannu. Kada ka bar wurinka fiye da minti 30. Ka riƙe rigar sanyi mai kauri da safa ta canji, raɓar asuba a ciyawar nan har cikin takalmi take shiga.

Maman 'Yan Biyu
Haba Mai Raket, ka karanta tambayar kuwa? Dattijo mai ciwon gwiwa za ka kwantar a ƙasa kwana biyu? Kuma ɗana, kada ka ce za ka kwana kai kaɗai ka karɓar wa Baba. Kati ɗaya ake ba mutum ɗaya, sai wanda aka gani a wurin, ba a riƙe wa kowa layi.

Alƙalin Layi
Kafin maganar tikiti, ɗan'uwa, ka fara sanin yadda ake tsara gasar. 'Yan wasa 128 ke shiga, ana ware manya 32 bisa matsayinsu a jerin ATP, hukumar tanis ta maza, don kada su haɗu da wuri. Na ɗaya yana can saman jadawali, na biyu yana can ƙasa. Muddin Alcaraz da Sinner ne a waɗannan gurabe biyu, babu inda za su gamu sai wasan ƙarshe, Lahadi 12 ga Yuli, kuma sai kowa ya ci wasa shida kafin nan. A ƙarshen 2025 kowannensu ya ninka makin Zverev da ke na uku, don haka da wuya wani ya raba su kafin Yuni.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Rabin sama da rabin ƙasa ba sa wasa rana ɗaya: yau wannan, gobe wancan. Tikitin rana ɗaya a makon farko, ɗayansu kaɗai zai nuna maka. Al'adar Wimbledon, mai riƙe da kofin maza shi ke buɗe Centre ranar Litinin da ƙarfe 1:30. A 2026 Sinner ke nan, in yana da lafiya, kuma shi ne wasa ɗaya tilo da za ka iya sanin ranarsa da filinsa tun yanzu. Alcaraz sai Talata, kuma ba lallai a Centre ba. A 2025 Sinner yana lamba ɗaya a duniya, amma a Fili na 1 aka sa wasansa na farko da Nardi. Jadawalin kowace rana sai jajibirinta ake fitarwa.

Ranar da tikiti ɗaya zai iya nuna maka su biyun, kowa da abokin karawarsa, ita ce Juma'a 10 ga Yuli, ranar wasannin kusa da na ƙarshe. Sai dai kwana huɗun ƙarshe ba a sayar wa 'yan layi tikitin Centre.

Bazazzagi
Ka manta da ciyawa ka nufi Turin a Nuwamba. A ATP Finals mutum takwas ne kacal, rukuni biyu, kowa sai ya buga wasa uku, kuma a rufaffen zaure ne, babu ruwanka da ruwan sama. Can Sinner ya doke Alcaraz 7-6, 7-5 a wasan ƙarshe na 2025. In kuwa dole sai Ingila, akwai Queen's a nan Landan, Alcaraz ya ci a 2023 da 2025.

Alƙalin Layi
Malam, Turin a Italiya take, bizar Ingila ba ta shiga can, sai ta Schengen, kuma Baba a Yuni zai zo. Queen's tana ƙarewa mako guda kafin Wimbledon. Sinner ma a wannan makon Halle ya saba zuwa, a Jamus.

Na Nole
Kun gama raba kofi tsakanin yara biyu kamar tsohon, Djokovic, ya ajiye raket. Manyan kofuna 24, bakwai daga ciki a wannan ciyawar, kuma a 2025 duk manyan gasa huɗun sai da ya kai wasan kusa da na ƙarshe.

Bazazzagi
Ya kai, amma wa ya tare shi? Sinner a Paris, Sinner a Landan, Alcaraz a New York. Manyan kofuna takwas na 2024 da 2025 su biyun suka raba, huɗu-huɗu. A haɗa shi da Baban Ɗan Fagge su yi hirar man shafawa na gwiwa. Tikitin shiga harabar Wimbledon kuwa fam 27 ne, ka ga mutum biyu 54.

Maman 'Yan Biyu
Fam 27 farashin 2023 ne. A 2024 da 2025 fam 30 ne a makon farko, sai mako na biyu yake sauka.

Mai Raket
Centre ma a ranar farko bai kai fam 100 ba, kuɗinsa zai ishe shi.

Maman 'Yan Biyu
Shi ma tsohon farashi ne. A 2025 kujeru masu kyau sun haura 100 tun ranar farko, na wasan ƙarshe sun haura 300 ga mutum ɗaya, a hannun masu gasar ke nan. Ga kuɗin jirgi, ga wurin kwana.

Bakatsine
Ku dakata da lissafi in faɗa muku inda ake yanka mutane. Wani ɗan garinmu da ke aikin jinya a nan ya tara kuɗin ƙarin aikin dare na watanni, ya sayi tikiti biyu na wasan ƙarshe na 2025 a wani shafin 'yan sari, shi da matarsa. Mai sayarwa ya ce a tura ta banki kai tsaye don a kauce wa kuɗin shafi, zai rage masa. Ya tura. Abin da aka aiko masa hoton tikiti ne da aka ɗauka daga fuskar waya. Suka yi ado suka isa ƙofa, na'ura ta ƙi karɓa. Lambar mai sayarwa a kashe. Banki suka ce shi ya tura da hannunsa, sai an yi bincike. Ranar da Sinner ya ci 4-6, 6-4, 6-4, 6-4, a bakin titi suka bi sakamakon a waya, matar tana kuka.

Ɗan Fagge
Innalillahi. Allah ya mayar masa da alheri. To Yaya, babu halastacciyar hanyar saye a hannun wani ke nan?

Bakatsine
Tikitin da aka samu ta ƙuri'ar da masu gasar ke yi wa masu neman tikiti da sunan mai shi yake, a cikin manhajar Wimbledon, ba a sayar da shi ba a ba da shi kyauta, kuma ana iya neman katin shaida a ƙofa. Wanda doka ta yarda a sayar shi ne na masu kujerar shekara biyar, da ake kira debenture, na wasan ƙarshe kuwa dubban fam ne. Duk wanda ya ce yana da na wasan ƙarshe a ɗaruruwa, ɓarawo ne. Abin da ya fi ƙona rai, wanda ya haɗa su Bahaushe ne ɗan'uwanmu, a zauren WhatsApp, yana ta rantsuwa da Allah. Da asiri ya tonu sai ya fice daga zauren. Har yau mutumin bai ga kwabonsa ba. Wallahi kada kowa ya turo wa yaron nan lambar wani "mai hanya".

Bazazzagi
To ya shiga ƙuri'ar mana.

Alƙalin Layi
Wajajen Satumba ake buɗe ta, ta 2026 ta riga ta rufe. Ko da ya shiga, ba ka zaɓen rana ko fili, abin da ya faɗo maka shi ne naka.

Mai Raket
Ni abin da ke damuna, wasu daga Kano suke ba da shawara da waya a hannu, ba su taɓa taka Church Road, titin da filin Wimbledon yake, ba. A bar wanda ya san ƙasan ya yi magana.

Alƙalin Layi
Sanin inda ake kafa tanti daban, sanin wanda zai buga ranar daban. In aka bi taka, za a kwana biyu a waje don Alcaraz a wayi gari Sinner ne a fili.

Maman 'Yan Biyu
Ku bar musun nan, yaro yana jira. Ɗana, ga abin da kuɗinka zai iya. Ku kwana a Landan, don jirgin safe daga Birmingham ba zai kai ku da wuri ba. Ku isa layin tsakanin ƙarfe 5 da 6 na safe, ku nemi tikitin haraba. Da zuwa ka gaya wa ma'aikatan layi lalurar Baba, akwai tanadin wurin jira ga waɗanda tsayuwa ke yi wa wuya. Ana buɗe ƙofa ƙarfe 10, ƙananan filaye su fara wasa ƙarfe 11. Da wannan tikitin za ku zauna a Fili na 12 da na 18 da wani sashe na Fili na 3, ga kuma ƙananan da ke jere, inda tsakaninku da ɗan wasa 'yan taku ne. Baba zai ji ƙarar takalmi a ciyawa da numfashin mai bugu, zai ga yadda ƙwallo ke zamewa ƙasa-ƙasa, abin da talabijin ba ya nunawa. Na 18 shi ne inda Isner da Mahut suka yi awa 11 da minti 5 a 2010.

Da kun shiga, ka yi rajistar tikitin da ake sake sayarwa. Masu Centre da suka tafi da wuri, ana sayar da kujerunsu daga ƙarfe 3 na rana, fam 15 na Centre, fam 10 na Fili na 1 da na 2, kuɗin na sadaka ne. Ta manhaja ake bin layin yanzu, saƙo zai shigo maka, don haka ka cika cajin waya ka riƙe abin caji na hannu. Da katin banki ake biya. Jaka ɗaya ga mutum, kada ta wuce santimita 40 da 30 da 30, kuma an yarda ku shiga da abincinku. Wanda ba shi da wasa ranar yakan fito atisaye a Aorangi, filayen atisaye na cikin harabar, akwai wurin tsayawar 'yan kallo.

Alƙalin Layi
Hajiya ta yi daidai, da gyara ɗaya. In Litinin ce, Sinner ne zai fara a Centre da 1:30, kafin a fara sake sayarwa wasansa ya yi nisa ko ya ƙare. Wannan hanyar ta fi amfani ga wanda aka sa a wasa na biyu ko na uku. Game da wa zai zama na ɗaya kuwa, maki mako 52 suke yi su faɗi. Alcaraz zai kare maki 2,000 a French Open ta Paris, Sinner 1,300, a Wimbledon kuma akasin haka. Amma Sinner bai buga Indian Wells da Miami da Monte Carlo da Madrid a 2025 ba, duk abin da ya samu a can riba ce tsantsa.

Na Nole
Ka faɗi dalilin da bai buga ba mana. An same shi da haramtaccen maganin clostebol a Maris 2024, aka daidaita da WADA, hukumar yaƙi da magungunan ƙara kuzari ta duniya, a kan dakatarwar wata uku, 9 ga Fabrairu zuwa 4 ga Mayu 2025, bai rasa babbar gasa ko ɗaya ba, ya dawo a Roma gaban mutanensa. 'Yar wasa Simona Halep kuwa dakatarwar shekara huɗu aka fara yanke mata kafin a mayar wata tara.

Bazazzagi
Kotun farko ta ce ba shi da laifi, WADA kanta ta amince bai yi niyyar maguɗi ba, daga hannun mai yi masa tausa ya shiga jikinsa. An kuma ƙwace makinsa da kuɗinsa na Indian Wells. Swiatek ma wata ɗaya ta yi, ba ka ambace ta ba.

Na Nole
Shi ne ai. Masu manyan lauyoyi ke samun wata ɗaya da wata uku.

Ɗan Fagge
Don Allah 'yan'uwa, Litinin ko Talata?

Mai Raket
Litinin ta fi kowace rana cunkoso, mutane tun ƙarshen mako suke taruwa.

Ɗan Sabon Gari
Ku kuna maganar Litinin da Talata, mu nan ko a allo ba za mu gani ba. Gasar Kofin Duniya ta 2026 daga 11 ga Yuni ce zuwa 19 ga Yuli, ta haɗiye Wimbledon gaba ɗaya. Wane mai gidan kallo ne zai ba ka talabijin ɗaya don tanis? Wasan da ba a san lokacin tashinsa ba, na ƙarshe a Paris a 2025, da Alcaraz ya tsallake makin kofi uku a hannun Sinner, awa 5 da minti 29 aka yi, man janareto nawa ke nan a kan 'yan kallo shida?

Bazazzagi
Ku haɗa kuɗi ku kama allo ɗaya tun kafin ranar. Ƙarfe 4 aka fara wasan ƙarshe a 2025, kuma a Yuli agogon Landan da na Najeriya ɗaya ne.

Ɗan Sabon Gari
An sha yin haka. Da 'yan ƙwallo sun cika benci sai a canza tasha a tsakiyar set, a ce ku zo ku karɓi kuɗinku.