Tambaya kan tsara kiɗan ragtaim domin masu busa biyar

Malamin Badujala, Ringim:

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare ta ƙauye, kuma ni ke kula da 'yan badujalarmu. Kayan busa biyar ne suka rage mana masu lafiya: tarampet biyu, kahon Faransa, tarambon da tuba. Na tsara wani gajeren kiɗa a fiyano bisa salon ragtaim, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka fito da shi a ƙarshen ƙarni na 19, ina fatan yaran su busa shi ranar rabon kyaututtuka. Da na ɗora wa mai tarampet na farko duk abin da hannun dama yake kaɗawa, sai ya galabaita tun ba a kai rabi ba, kiɗan kuma ya koma na fareti zalla. A ina na kuskure?

Tsohon Sajan, Gumel:

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina busa tarambon kafin in ajiye kaki. Ban yi mamakin komawar kiɗanka fareti ba, domin daga fareti ragtaim ya gaji ƙashin bayansa: bugu biyu a kowace gaɓa (wato ɗan yankin da ake rarraba kiɗa da shi a takarda), hannun hagu yana takawa babu gargada. Abin da ya raba su shi ne hannun dama, wanda yake sauka a tsakanin bugu, ba a kansa ba. Ka tuna yadda kuntukuru yake dafe wa kalangu: ƙaramin ba ya kaucewa daga bugunsa, shi ya sa babban yake samun sararin yin kwarkwasa. To, tuba ce kuntukurunka. Ta riƙe kan bugu, kaho da tarambon su riƙa amsa mata a rabin bugu, kuma ko kusa kada su bi mai karin waƙa idan ya zame, domin da zarar sun bi shi, armashin ya tafi. Sannan ka rage gudu. Scott Joplin, shahararren mai tsara kiɗan ragtaim, da kansa ya sha rubutawa a saman takardun kiɗansa cewa ba daidai ba ne a kaɗa ragtaim da sauri.

Malama Mai Fiyano, Kazaure:

Baba Sajan, Allah ya ƙara girma, a ba ni dama in ɗora kaɗan. Malam, fiyano ba shi da huhu, yaronka kuwa yana da shi. Mai algaita yana shaƙar iska ta hanci yana ci gaba da busa, amma ba haka ake koyar da ɗan badujala ba, saboda haka kai mai tsarawa ne za ka tanadar masa wurin numfashi tun a takarda. Siffar ragtaim ma ta sauƙaƙa aikin. Dubi kiɗan Maple Leaf Rag da John Stark ya wallafa wa Joplin a garin Sedalia na jihar Misuri a 1899: sassa huɗu ne, kowanne gaɓa 16, ana maimaita na farko da na biyu, a koma na farko sau ɗaya, sannan na uku da na huɗu su zo bibbiyu. Tunda ana maimaitawa, ka ba tarampet na farko zagayen farko, na biyu ya karɓi maimaicin. A sashe na uku, inda aka saba ɗaga mazaunin murya da mataki huɗu (ana ƙirgawa har da sautin da aka tashi daga kansa), ka miƙa karin ga kahon Faransa ko tarambon, tarampet duka su huta. A ganina nan ne kayan busa suka fi fiyano daɗin ji.

Ka kuma kula da rubutun, domin abin da mai tarampet ya karanta yakan fito ƙasa da mataki biyu a irin wannan ƙirgen, na mai kaho kuwa ƙasa da mataki biyar, sai ka ɗaga musu gwargwadon haka.

Malamin Badujala, Ringim:

Na gode, Baba, na gode, Malama. Ashe shi ya sa kahon yake ta karo da sauran. Yadda yake a fiyano na kwafa wa yaron. Zan sake rubutun a wannan makon.

Tsohon Sajan, Gumel:

Idan bikin ya faɗo cikin hunturu, Malam, ka taƙaita manyan sautuka na sama, domin leɓen da ya tsage ba ya kai musu. A sa yaran su riƙa shafa man kaɗanya da dare, a kuma goge ƙura daga maɓallan tarampet a ɗiga musu mai kafin kowane atisaye.