Masu Hilux da Land Cruiser da suka haura kilomita 300,000, ya kuke riƙe su?

Baban Walid:
Salam 'yan uwa. Hilux ɗina ce 2010 mai fetur, injin 2TR, mita ta nuna 340,000. Da ita nake hawa Mambila ta Serti duk wata biyu. Bakanikena ya ce in sayar tun tana da daraja, ni kuma wallahi kuɗin sabuwa ko Baljiyam ɗin ma ba na mutum ba ne yanzu. Wanda ya riƙe irin ta har ta tsufa a hannunsa ya faɗa mana abin da ya gani.

Na Malam Gashuwa:
Kar ka sayar Alhaji. Tawa ta haura 400,000 kuma ba a taɓa buɗe injin ba sai sau ɗaya, shi ma laifina ne. Wani yaro a gareji ya cire min tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, wai ƙasarmu da zafi ba ta buƙata, ni kuma na biye masa, ga shi ruwan rijiya nake ɗura wa lagireto shekara da shekaru, tsatsa ta toshe shi ban sani ba, ranar da na ɗauko buhunan barkono daga Nguru allura ta haye sama, kafin in tsaya gasket ya ƙone. Kan injin 2TR alminiyom ne, zafi kaɗan yake so ya lanƙwashe. Tun daga ranar ruwan kulant na gaske nake zubawa, tamostat kuma na mayar da shi.

Ɗan Abzin:
Mu nan Agadas kat-kat, mota mai ja da ƙafa huɗu, ita ce jakinmu. Land Cruiser nake ja mai 1HZ, lita 4.2, gazuwal wato dizal. Hanyar Dirku ba mai ceton ka sai Allah sai abin da ka duba kafin ka tashi. Vidanji, wato canjin baƙin mai, kowane kilomita 5,000 ba na ƙetarewa. Filtar iska nake kakkaɓewa kowace safiya in muna cikin rairayi, kuma in za a hura da iska daga ciki ake hurawa zuwa waje, yara da yawa juyawa suke. Ruwan da ke taruwa ƙasan filtar gazuwal ma a riƙa tsiyaye shi, in ba haka ba famfon gazuwal ne zai biya. Mu namu injin bel ɗin taimin ne da shi, mai daidaita motsin bawul da fistin, na canza a 100,000 ko da kyansa, don in ya tsinke bawul da fistin ne za su gaisa. Kai taka sarƙa ce, ka huta da wannan.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ba tuƙi nake ba, direba ne, amma ni ke biyan kuɗin gyara don haka na iya karatun ta dole. Baƙin mai na jabu ya kusa kashe min Prado, galan ɗin sak na asali. Yanzu wuri ɗaya nake saye kuma a gabana ake fasa murfin.

Injiniya Sabo:
Kowa injin yake kallo, ƙasan motar fa? Baban Walid tunda kana ratsa rafi da damina, buɗe man aksul na gaba da na baya da na taransifa, akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, ka gani. Aksul in ya yi zafi ya shiga ruwan sanyi tsotsa yake ta hancin numfashinsa, sai ka ga man ya koma kamar kunun gyaɗa. Farfela, sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa aksul, tana da nonon giris, mutane sai su shekara ba su matsa mata ba har kuros, wato gaɓarta, ya fara ƙara. Sannan giyar gaba, wadda ke sa ƙafa huɗu su ja, littafin Toyota ya ce a sa ta ta yi ko kilomita 16 ne a wata don mai ya zaga, amma a kan burji ko yashi, kar a kwalta.

Na Malam Gashuwa:
Gaskiya ne Injiniya. Kuma kayan gyara in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka tafi da tsohon a hannu, ka tambayi na ciro kafin sabon kwali.

Baban Walid:
Na gode ƙwarai jama'a. Na leƙa ɗazu, tamostat dai babu shi, ban ma san yaushe aka cire ba. Man aksul na baya kuma Injiniya kamar kana wurin, kunu ne. Gobe Asabar tana gareji insha Allah, lagireton a wanke shi ko in canza gaba ɗaya?